Dalilin da ya sa kiran bidiyo ke tsinkewa a Augie ko da sabis ya cika

A fadamun Augie da ke gefen Gulbin Rima a jihar Kebbi, manomi kan so nuna wa dillali a Argungu ko Birnin Kebbi shinkafarsa ta kiran bidiyo kafin a yi ciniki. Sai hoto ya daskare, murya ta riƙa yankewa, alhali sandunan sabis a cike suke.

Sandunan ƙarfin siginar da ke tsakanin waya da turken sadarwa kawai suke nunawa. Turken kuwa rabonsa ake yi tsakanin duk wayoyin da ke kansa, shi ya sa kason kowa ke raguwa ranar kasuwa ko da daddare.

Bidiyo ne ke fara jin jiki. Kiran murya na GSM, tsarin da ya iso Najeriya a 2001, kilobit 13 a daƙiƙa sun ishe shi, amma bidiyo na buƙatar ɗaruruwa. Ga kuma jinkirin isar murya: Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada ya wuce milisakan 150, domin idan ya yi yawa masu magana kan riƙa katse juna.

Don haka ya fi wa manomi ya ɗauki bidiyon shinkafar ya tura ta WhatsApp. Saƙo kan jira hanya ta buɗe ya isa cikakke, kiran kai-tsaye kuwa ba ya jira.

Wanda ya kai wa kamfaninsa ƙorafi ba a gyara ba, yana iya kiran hukumar NCC kyauta ta lambar 622.