Harshe da Aikin Zana Tambari a Tamale

A Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, akwai ƙananan shaguna inda matasa ke zana wa 'yan kasuwa tambari da shafin intanet. Mu ɗauki misalin mata masu man kaɗanya da ke neman masu saye a Akra. Da farko mai zane zai tambayi sunan kayan da irin mutanen da za a tallata wa. Sannan ya zana tambari, ya zaɓi launi, ya ɗauki hotuna, ya yi rajistar adireshin shafin.

Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne harshe. Turanci ne harshen hukuma, Dagbanci na 'yan gari, Hausa kuwa ta zango da kasuwa. Tsarin Unicode ya tanadi ƙ da ɗ da ɓ tun shekarun 1990, amma ba kowane samfurin haruffa ke ɗauke da su ba. Idan ƙugiya ta faɗi, ƙasa ta koma kasa, ƙare ya koma kare. Saboda haka, ƙwararren mai zane yakan gwada haruffan kafin a buga, domin kuskuren da ya hau kwalabe dubu, mai kaya ce za ta biya.