Allura guda maimakon goma: maganin da ƙwayoyin bakteriya ke ƙera wa masu ciwon sankara

Daga Madawa zuwa Yamai tafiya ce ta wajen kilomita 500 bisa kwalta. Mutumin Babankatami, ko na wani gari cikin ƙasar Buza da Keita, sai ya fara yin tasa tafiyar kafin ya isa babbar hanya. Ita ce hanyar da mai ciwon sankara ke bi in likita ya tura shi Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara, wadda ma'aikata suka fi sani da CNLC, inda aka buɗe sashen gashi da haske a shekarar 2021. Galibi bayan kowane sati uku ake sa wa majinyaci ruwan maganin da ake kira shimiyo, ya huta gidan ƴan uwa, ya hau mota ya koma gida. Babban hatsarin kuwa can gida yake iske shi, tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan ƙarin ruwan.

Ita shimiyo duk ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa take kai wa hari. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ya yi miki. Ɓarnar da ido ba ya gani tana cikin ɓargo, inda ake haifar fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Irin da ake kira netirofil ba su da tsawon rai, kullum sai an sabunta su. In ɓargo ya tsaya, cikin ƴan kwanaki sai su ƙare, ƙaramar cutar da lafiyayye ba zai ma ji ta ba ta shiga jini ta kayar da mutum. Alamarta ta farko masassara ce. A wurinmu kuwa kowace masassara ta sauro ce har sai an ga akasin haka, sai a aiki yaro wurin mai tebur ya sayo ƙwaya, a jira gobe. Ga wanda aka yi wa shimiyo, zafin jiki da ya kai digiri 38 magana ce ta zuwa asibiti a wannan daren.

Jikin ɗan Adam yana da nasa mai shela da ke umartar ɓargo ya ƙara aiki: wani furotin ne da masana ke kira G-CSF. A 1983 aka fara tace shi daga ɓera a birnin Melbon na Ostareliya, cikin ƙungiyar Donald Metcalf, a 1985 kuma aka tace na mutum a Niyok. Sai dai abin da ke cikin jini ƙanƙane ne ƙwarai, ba ya isa a yi wa kowa magani. Nan ne bakteriya ta shigo cikin zancen.

Kada mai karatu ya yi mamakin a sa ƙwayar cuta aiki. Matan da ke dafa kalwa su rufe ta har ta zama daudawa, da Fulanin da ke zuba tsohon nono cikin sabuwar madara, bakteriya suke kiwo ko da ba su kira ta da suna ba. Abin da aka ƙara a 1973, lokacin da Stanley Cohen da Herbert Boyer suka yi gwajinsu a Kalifoniya, shi ne dabarar yanko wani guntu na zaren gado daga wata halitta a dasa shi cikin bakteriya, ta karanta shi kamar nata. Wadda aka fi sa wa wannan aiki ita ce E. coli, mazauniyar hanjin kowa, domin in ta sami abinci da ɗumi takan rabu biyu cikin minti 20. Da ita aka yi insulin na masu ciwon sukari da ya shiga kasuwa a 1982. A 1986 aka gano umarnin ƙera G-CSF na mutum, a 1991 kuma Amurka ta yarda kamfanin Amgen ya sayar da shi da sunan Neupogen. Sunansa na magani filgrastim.

Aikin yana da wuya. Ana kiwon ƙwayoyin cikin manyan tankunan ƙarfe, amma furotin ɗin da suke yi a dunƙule yake fitowa, kamar zaren da ya cuɗe. Sai an fasa su, an narkar da dunƙulen, an bar shi ya sake naɗuwa daidai siffarsa, sannan a tace har kada a bar gubar bakteriyar ko kaɗan. Kuskure guda wurin naɗin nan, an yi asarar tanki.

Filgrastim yana aiki, amma yana da aibi: ƙarami ne, ƙoda tana tace shi da sauri, cikin awa uku da rabi rabinsa ya bar jini. Don haka sai an yi allura kullum, wani lokaci kwana goma, har zuwa sati biyu. Mazaunin Faris ba ya jin nauyin wannan. Ga manomin albasa na kwarin Tarka, ma'anarsa ko dai ya zauna Yamai yana cin jarinsa, ko ya koma gida babu kariya.

Maganin wannan aibi ya samo asali daga aikin Frank Davis da Abraham Abuchowski a jami'ar Rutgers cikin shekarun 1970. Sun nuna in aka ɗaura wa furotin wata doguwar sarƙa mai suna PEG, wadda ke jan ruwa ta kumbura, sai ya yi wa matatar ƙoda girma. Da aka ɗaura ta ga filgrastim aka sami pegfilgrastim, wanda ya fito a 2002 da sunan Neulasta: miligiram 6, sau ɗaya tak bayan kowane zagaye na shimiyo. Abin sha'awa a nan shi ne su netirofil ɗin da kansu ke kawar da shi. Muddin sun yi ƙaranci yana nan cikin jini yana aiki, da sun yawaita sai su cinye shi. Wani gwaji da aka buga a 2005 bisa mata 928 masu sankarar mama ya nuna kashi 17 cikin ɗari na waɗanda ba su sami allurar ba sun yi masassarar nan mai hatsari, waɗanda suka samu kuwa kashi 1. Ba kowane majinyaci ke bukatarta ba. Likitoci sun fi ba da ita in hatsarin ya kai kashi 20 cikin ɗari.

Saura kuɗi. A 2018 farashin allura guda a Amurka ya haura dala 6000, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba, wato sama da miliyan 3 na sefa. A shekarar ce aka fara yarda da makamantanta, cikinsu har da Fulphila, da kamfanin Biocon na Indiya ya yi tare da Mylan, farashi ya soma sauka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa pegfilgrastim cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba. Nijar tana da dokar 2007 da ta ce a yi wa mata maganin sankarar mama da ta mahaifa kyauta. A ganinmu, masu tsara odar magunguna na ƙasa su lissafa wannan allura tare da ruwan shimiyo, domin wadda jininta bai farfaɗo ba dole a ɗaga mata zagaye na gaba, ɗage-ɗage kuwa ciwon yake yi wa amfani.

Ƴan kasuwarmu masu shiga Illela da Sakkwato su lura da wani abu. Furotin ɗan uwan ƙwai ne, in zafi ya dafa shi ba ya komawa ɗanye, kuma ido ba lalle ya gane ba. Ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, ba a daskarar da shi, ba a girgiza shi. Takardar Neulasta ta Turai ta yarda ya yi awa 72 a waje in zafi bai wuce digiri 30 ba, alhali a watan Afrilu inuwar Madawa tana wuce 40. Duk wanda aka yi wa tayinta da araha daga cikin jaka, ya bar kuɗinsa a aljihu. Haka kuma mai amosanin jini, wanda ake kira sikila ko emasi, ya faɗa wa likita tun farko, don maganin yana iya tayar masa da ciwo mai tsanani. Sauran mutane ciwon ƙashi suka fi kuka da shi.

Ƙa'ida ita ce a jira awa 24 bayan shimiyo kafin a yi allurar. Ke nan ko majinyaci ya ƙara kwana a Yamai, ko a sa masa ita cikin akwatin sanyi irin na masu rigakafi, tare da takardar likita, malamin asibitin Buza ko Madawa ya yi masa ita ƙarƙashin fata washegari. Firijin allurar yara da ke cibiyoyin lafiya na karkara a wannan ma'aunin sanyi yake aiki, digiri 2 zuwa 8.