Ido da Tsayuwar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Da wuya ka shiga lungu a Nima, Maamobi ko Agbogbloshie ba ka tarar da dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki ba. In an sallamo shi daga asibiti, hankalinmu duk yana kan hannu da ƙafa: a shafa man kaɗanya, a sayo sanda. Ido kuwa ba mai tambayarsa, alhali sau da yawa ta nan faɗuwa take zuwa.

Da abu uku mutum yake tsayuwa daidai: gani, da wani sashe can cikin kunne mai gane juyawar kai, da jin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa. Ciwon nan yakan raunana jin ƙafa, sai mutum ya dogara ga ido fiye da da. To, shi ma ganin yakan taɓu. Wani ya daina ganin ɓangare guda, dama ko hagu, a idanun duka biyu. Wani yana ganin abu biyu-biyu. Wani kuma idonsa lafiya lau, amma ƙwaƙwalwar ta daina kula da hagu: ya ci rabin tuwon kwano ya bar rabi, ya bugi ƙofa da kafaɗa. Sai mu ce Baba ya rikice. Wallahi bai rikice ba.

Tun 2014 asibitin Korle Bu yana da sashe na musamman don wannan ciwo. Ranar komawa ganin likita, ku roƙa a duba ganinsa, don sabon tabarau ba ya dawo da ɓangaren da ya ɓace. Masu gashin ƙashi sukan koya masa ya kafa ido kan alama a bango yana juya kai a hankali, ya kuma saba waiwayawa ɓangaren da ba ya gani kafin ya ɗaga ƙafa. Akwai tsayuwa gaban dogon madubi, domin wani yana karkace amma yana jin a miƙe yake. Madubin ne zai gaya masa gaskiya. A gida a maimaita abin da suka nuna kawai, wani na tsaye a ɓangarensa mai rauni.

Mu a masallaci, asuba ce ta fi ba mu tsoro: duhu, ga kwata a buɗe, wani lokaci ga dumso, ga santsin wurin alwala. Ɗalibai, ku raka shi da tocila. A ba shi ƙarshen sahu kusa da bango, kuma kada ya rufe ido a tsaye; kallon wurin sujada ma yana taimaka masa. In ɗagowa daga ruku'u tana kawo masa jiri, ya zauna kan kujera, shari'a ta ba shi wannan rangwame.