Hadarin Falgore da Lissafin Shakka

Duk shekara, tun kafin zafin bazara ya kankama, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashenta na damina: yaushe ruwan shuka zai sauka a kowace ƙaramar hukuma, yaushe zai ɗauke, nawa za a samu, kuma ina ake fargabar ruwa ya tsaya a tsakiyar damina. Gidajen rediyon Kano su karanta, malaman gona su kai ƙauye, sai kuma a zuba ido. In ruwa ya riga ranar da aka faɗa a Doguwa, ko manomi a Kiru ya yi shuka ta tsiro rana ta ƙone ta, hukuncin 'yan majalisa ɗaya ne: "Ai mutanen nan shaci-faɗi suke yi." Wani ma ya ƙara da cewa shiga hurumin Allah ne.

Wannan zargi na biyu ba shi da wuyar amsawa. Sanin gaibu sai Allah, kuma babu masanin yanayi na ƙwarai da ya taɓa da'awarsa. Abin da yake yi ɗan'uwan abin da dattijo yake yi ne in ya ga shamuwa ta dawo kan kuka, ko malamin da ke ƙirga taurarin damina kwana goma sha uku-uku: duba alama, a haɗa da abin da aka saba gani. Zargi na farko shi ne mai buƙatar zama, domin shakkar da ke cikin hasashe tana da tushe, ana iya auna ta, kuma wanda ya san awonta ya fi wanda aka ba wa rana ɗaya ƙwal amfana.

Mu fara da kalmar da kowa ke ganin ya sani, wato saukar damina. A 1988 wani masani, M.V.K. Sivakumar, da ke aiki a cibiyar ICRISAT kusa da Yamai, ya tsara ma'aunin da har yau ake yawan amfani da shi a yankinmu: damina ta sauka idan, bayan 1 ga Mayu, an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Ashe ke nan ko ranar da ruwan ya zuba, ƙasa ta jiƙe, kowa ya saɓi sungumi, babu mahalukin da zai iya rantsewa damina ce ta sauka. Sai bayan wata guda za a san ko ruwan shuka ne ko na yaudara. To ina ga wanda aka ce ya faɗi ranar tun watan Fabrairu?

Yadda ake hasashen kansa, kwamfuta ce ke yanka sararin samaniyar duniya gida-gida, kowane gida a ba shi zafinsa, laimarsa, ƙarfin iskarsa da inda ta dosa. Sai a bi dokokin kimiyya a lissafa yadda kowane gida zai sauya bayan 'yan mintoci, a sake, a sake, har a kai gobe ko jibi. Wani Bature, Lewis Fry Richardson, ya gwada haka da alƙalami da takarda, ya wallafa a 1922, amsar da ya samu kuwa ta kauce nesa da gaskiya. Da kwamfuta ta zo aka zaci an gama. Sai a 1961 Edward Lorenz, a jami'ar MIT ta Amurka, ya so ya maimaita wani lissafi, maimakon ya shigar da 0.506127 sai ya taƙaita ya sa 0.506. Da farko sakamakon biyu suka tafi kafaɗa da kafaɗa, can gaba suka rabu har babu kama. Bambancin da bai kai ɗaya cikin dubu ba ya girma ya cinye hasashen baki ɗaya. Daga nan aka gane cewa ko dokokin sun cika cif, ɗan kuskure a awon farko yakan hayayyafa, shi ya sa hasashen yanayin rana takamaimai ba ya wuce kimanin mako biyu. Mu kuwa a nan awon farkon ma da giɓi yake zuwa, don tashoshin auna yanayi a Afirka ta Yamma ba su taka kara sun karya ba in an kwatanta da na Turai.

Maganin da aka samo shi ne a daina gudanar da lissafi sau ɗaya. Tun 1992 cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, ECMWF, mai hedikwata a Reading ta Ingila, take gudanar da shi sau da yawa lokaci guda, yanzu sau hamsin da ɗoriya, kowanne da ɗan sauyi a awon farko. A misali, in 35 cikin 50 sun nuna ruwa a kan Tudun Wada ranar Juma'a, sai a ce yiwuwar ruwa kashi 70 cikin ɗari ce. In duk sun taru wuri ɗaya, a saki jiki. In sun watse, watsewar ita ce labarin.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta fi shafar mu. Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos da damina ya san hadarin Falgore. Da la'asar sakaliya gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta riga ruwan isowa tana kaɗa ganyen doka, makiyayi ya fara tattara shanu, kafin ka ankara an tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ka yi tafiyar minti ashirin, ka tarar da kwalta a bushe, mai rake na zaune bai ko naɗe tabarma ba. Gajimaren da ya haifi wannan ruwa faɗinsa 'yan kilomitoci ne, ransa sa'a ɗaya ko biyu. Amma yana tafe ne cikin babban jerin hadari mai ɗaruruwan kilomita da ke gangarowa daga gabas zuwa yamma, wanda sau da yawa kan tsaunuka irin na Jos yake ɗaurewa. Shi kuma jerin yana bin wani kaɗawar iska da ke ratsa Afirka ta Yamma duk kwana uku zuwa biyar. Ita kuma iskar damina gaba ɗaya zafin ruwan tekun Atlantika da na Indiya da na Pasifik ne ke juya ta, su kuwa tekuna sai a yi watanni ko shekaru kafin su sauya hali. Ƙarami na cikin babba, mai sauri na cikin mai nawa, kuma kowanne na taɓa ɗan'uwansa.

Kwamfuta ba ta iya riƙe su duka. Gidajen lissafin ECMWF faɗin kowanne kimanin kilomita 9 ne, na masu hasashen sauyin yanayi na shekaru masu zuwa kuwa sukan kai kilomita 100. Dajin Falgore gaba ɗayansa, mai kusan murabba'in kilomita 1,000, kashi ɗaya cikin goma ne na irin wannan gida ɗaya. Duwatsun Riruwai da fadamun Kiru duk lamba ɗaya ce a wurin kwamfutar. Abin da ya fi gida ƙanƙanta sai dai a ƙiyasta tasirinsa, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 masana suka fara sa kwamfuta ta riƙa jefa ƙuri'a a kan wannan ƙiyasi, ta ɗan ƙara nan ta ɗan rage can, don kada lissafin ya nuna tabbacin da ba shi da shi. Duk da haka ruwan Sahel na ba su wuya. Wani bincike da masana a Karlsruhe ta Jamus suka fitar a 2018 ya nuna cewa hasashen ruwan sama na kwana ɗaya zuwa biyar a arewacin Afirka mai damina, in an ɗauke shi yadda ya fito daga kwamfuta, bai fi a duba tarihin ruwan wurin a faɗi abin da aka saba ba. Sai an gyara shi da ƙididdigar abin da ma'aunai suka gani a ƙasa yake ɗan zarcewa.

Wanda ke son ganin yadda mai sauri da mai nawa ke cuɗanya, ya je Tiga. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano da ke ratsowa ta Falgore, tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwan sama yau akwai gobe babu, amma tafkin ba ya tsalle haka. Yana tara na jiya a kan na shekaranjiya, na bana a kan ragowar na bara, sai tsayinsa ya riƙa hawa da sauka a hankali, wani lokaci shekaru a jere yana ƙasa ba tare da wani sabon dalili ba illa ƙarancin ya yi ta haɗuwa. Irin wannan tunani Klaus Hasselmann na Jamus ya kawo a 1976 game da teku: iskar yau da gobe na bugun ta barkatai, ita kuma tana tarawa tana mayar da shi sauyi mai dogon zango. Aikin na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2021. Tun kafin shi, Harold Hurst, da ya shafe shekaru yana nazarin tarihin cikar Kogin Nilu, ya nuna a 1951 cewa shekarun ruwa sukan zo a jere, na fari ma a jere, fiye da yadda sa'a kaɗai za ta kawo.

Mu ganau ne. Shekarun 1950 zuwa farkon 1960 na ruwa ne, sai farin 1972 da 1973, sai na 1983 da 1984. Ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari tsakanin shekarun 1950 da na 1980. Tafkin Chadi, inda ruwan Kogin Kano ke dosa bayan ya bi ta Haɗeja da Yobe, ya tsuke daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 zuwa ƙasa da 2,000. A 1975 Jule Charney ya ɗora laifin a kan ƙarewar ciyayi da itatuwa. Daga baya, musamman binciken 1986 da na 2003, aka nuna cewa zafin tekuna ne babban mai juya akalar. Har yau manyan tsare-tsaren lissafi ba su daidaita a kan makomar daminarmu ba: da yawa na nuna ƙarin ruwa a tsakiyar Sahel, wasu na nuna raguwa.

Nan ne aikin ƙididdiga yake. Mai sayen shinkafa a kasuwar Tudun Wada ba ya zazzage buhu. Yakan soka ɗan ƙarfen nan mai rami, ya karɓi 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya yanke wa buhun hukunci. In ya soka wuri ɗaya, kuma aka yi sa'a mai kaya ya zuba mai kyau a sama, ya sha. Tarihin ruwan da ke hannunmu tafin hannu ne, buhun kuwa shi ne duk abin da sama ke iya yi. Injiniyan da ya auna kogi a shekarun ruwa kaɗai zai zaci kullum haka yake. Wanda ya auna a shekarun fari zai raina ambaliya. A watan Agustan 1988, ana ganin ba a gama fita daga fari ba, ruwa mai ƙarfi ya fasa madatsar Bagauda a nan ƙasar Bebeji. A Satumban 2024 ta Alau ta ɓalle ta shafe unguwannin Maiduguri. Masu ƙididdiga ba lamba ɗaya suke bayarwa ba, sukan ce amsar na tsakanin kaza da kaza, kuma gajeren tarihi shi ke faɗaɗa tazarar. Sabon awo na zuwa, su gyara ƙiyasin, bisa ƙa'idar Thomas Bayes da aka wallafa a 1763.

Akwai furucin da ke yaudarar har masu ilimi: "ambaliyar sau ɗaya a shekara ɗari." Ba ana nufin in ta zo bana an huta sai jikoki ba. Ana nufin kowace shekara yiwuwarta ɗaya ce cikin ɗari. In ka tara, cikin shekara 30 yiwuwar a gan ta aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 26, cikin shekara 50 kuwa, wato kimanin shekarun Tiga, kusan kashi 40. Wannan ma in sama ba ta sauya hali ba ke nan, alhali wani bincike na 2017 da ya bi hotunan tauraron ɗan'adam ya gano cewa hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun 1982.

To yaya za a yi wa mai hasashe adalci? Ba da rana ɗaya ba. In ya ce kashi 70 ruwa bai zo ba, bai yi ƙarya ba, ai ya bar 30. A tara duk ranakun da ya ce 70, in an yi ruwa a kimanin bakwai cikin kowace goma, awonsa daidai ne. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da takwarorinta na yankin sukan raba hasashen damina gida uku, sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa, kowanne da kasonsa. Inda nake ganin ana yi wa manomi ƙwange shi ne a hanya: kaso da tazara na zubewa tsakanin ofis da rediyo, abin da ke isa kunne sai "ruwa zai sauka ranar kaza." Manomin da ke raba gonarsa tsakanin tudu da fadama, ya sa wake a tsakanin dawa, ya ɓoye rabin irin masara har ruwa ya zauna, ya riƙe buhun taki sai ƙasa ta yi laima, ba baƙon lissafin shakka ba ne. A gaya masa kason, ya san abin yi da shi.

Rage shakkar kuma ba sai an jira Turai ba. Ma'aunin ruwan sama gwangwani ne da mazurari da kwalba mai zane, a kafa shi a fili nesa da inuwar bishiya da indararo, a karanta kowace safiya a rubuta, har ranar da ba a yi ruwa ba a sa sifili. Milimita ɗaya a kwalbar nan daidai take da lita 10,000 a kan hekta guda. Da kowace makarantar sakandare daga Bebeji zuwa Doguwa na da ɗaya, da littafin da ba a tsallake rana, cikin shekara goma masu gyara hasashe za su sami abin gyara shi da shi. Ma'aikatan Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are ma za su fi sanin abin da ke gangaro musu daga Falgore a watan Agusta, lokacin da sakin ruwa ke barazana ga gonakin Wudil da Ringim, riƙe shi kuma shi ne abin da masu noman rani a Kadawa da Kura ke jira.