Wa ke tsaron kuɗin karnukan Ingila?

A shekarar 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan tsugunar da ɓatattun karnuka a unguwar Holloway da ke arewacin Landan. Jaridar The Times ta yi mata ba'a, wai ga 'yan Adam suna kwana a titi ita kuma ta tsaya hidimar kare. A 1871 gidan ya koma Battersea, kuma har yau da sunan unguwar ake kiransa. Wata ƙungiya mai irin wannan aiki, Dogs Trust, wadda aka kafa a 1891, abin da ke shiga asusunta a shekara ya haura fam miliyan 100. Mai karatu na iya riƙe baki, ba laifi. Sai dai duk inda dukiya irin wannan ta taru, tambayar ɗaya ce ko ta marayu ce ko ta karnuka: wa ke riƙe da ita, wa kuma ke sa masa ido?

A nan ƙungiyar ceton kare ta fi sauran ƙungiyoyin agaji shiga tsaka mai wuya. Idan asibitin taimako ya ci amanar majinyaci, majinyacin yana da bakin kai ƙara. Kare kuwa ko an rage masa abinci, ko an bar shi da ƙazuwa ba magani, ba zai rubuta takardar koke ba. Ta ɓangaren masu bayarwa ma haka abin yake, domin kaso mai tsoka na kuɗin manyan ƙungiyoyin nan daga wasiyya yake fitowa: tsohuwa ta rasu ta bar gidanta ko ajiyarta ta banki don a kula da karnuka. Mai bayarwa yana kabari, mai karɓa ba ya magana. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne amintattu da takardun lissafi.

Amintattun nan su ne doka ta ɗora wa nauyi. Galibi ba a biyan su albashi, kuma ba su ne ke share keji ko kai kare wajen likita ba. Wannan aikin ma'aikata ne ƙarƙashin shugaban gudanarwa. Nasu shi ne su amince da kasafi, su tambayi shugaban, su sallame shi in ta kama. Idan za a ba da kwangilar abinci kuma ɗan'uwan wani amintacce yana cikin masu nema, dole ya faɗa, ya fita daga ɗakin, a rubuta cewa ya fita. Sama da su akwai hukumar Charity Commission, mai kula da ƙungiyoyin agaji a Ingila da Wales bisa dokar 2011. A ƙa'idar da aka yi aiki da ita tun 2015, ƙungiyar da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara sai ta yi rajista. In ya wuce fam 25,000 sai wani na waje ya duba lissafinta a miƙa wa hukuma. In ya wuce fam miliyan 1 sai cikakken bincike na ƙwararren odita. Ana ɗora rahotannin a intanet, kowa ya buɗe kyauta. Manyan ƙungiyoyi har sai sun faɗi yawan ma'aikatansu da ke ɗaukar sama da fam 60,000. Gwamnati tana da dalilin matsawa, domin a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar ƙungiya na iya karɓar ƙarin kashi 25 cikin 100 daga baitulmali.

Akwai wurare biyu a lissafin da mai karatu ya kamata ya tsaya. Na farko kuɗi ne mai sharaɗi. In an yi gangami an ce za a gina ɗakin tiyata, abin da aka tara na ɗakin tiyata ne, ko da albashi ya maƙale a ƙarshen wata. Yawancin ƙananan ƙungiyoyin da ke faɗawa rami ba sata suka fara da ita ba. Rance suka ci daga wannan aljihu zuwa wancan da niyyar mayarwa. Na biyu ajiyar ko-ta-kwana. Mutane kan fusata in suka ga miliyoyi a jibge alhali ana ta roƙonsu, amma gidan da ke da ɗaruruwan karnuka ba ya iya rufe ƙofa ranar da gudummawa ta ja baya, ga shi ba wanda ya san watan da kuɗin wasiyya zai faɗo. A ganina ajiyar ba abin zargi ba ce muddin amintattu sun rubuta watanni nawa take ɗauka da dalilin zaɓen adadin. Wadda ba ta da bayani ita ce abin tuhuma.

Girma da daɗewa ba sa kare kowa. RSPCA, wadda aka kafa a 1824 don hana zaluntar dabbobi kuma take tsugunar da karnuka masu yawa, ta sha tarar fam 25,000 a Disamban 2016 daga hukumar kare bayanan jama'a, saboda ta bari ana bin diddigin arzikin masu ba ta gudummawa a ɓoye, ana kuma musayar bayanansu. A Agustan 2018 Charity Commission ta yi mata gargaɗi a hukumance kan kuɗin sallamar da aka ba wani shugaban riƙo. Ba a ce wani ya sace kwabo ba. Laifin shi ne wasu amintattu sun yanke shawarar kuɗi mai nauyi ba tare da sun nemi cikakken bayani ba. Majalisar amintattun ƙungiyar a lokacin mutum 25 ce, taron da ya fi dacewa da muhawara a kan yanke hukunci, kuma a 2019 aka amince a rage ta zuwa 12.

Lissafin kuɗi kaɗai bai wadatar ba, akwai lissafin rai. Kare nawa ya shigo, nawa aka mayar wa mai shi, nawa ya sami sabon gida, nawa aka dawo da shi, nawa aka yi wa allurar mutuwa? A 2010 shirin Panorama na BBC ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na karnukan da Battersea ta karɓa a 2009 an kashe su, da yawa don an ga suna da haɗarin cizo. Maganar ta yi wa masu ba da taimako ɗaci, amma gidan ne da kansa ya fito da adadin. Na fi yarda da wannan a kan wanda ke alfaharin bai taɓa kashe kare ba alhali ba ya faɗin nawa ya ƙi karɓa a bakin ƙofa.

Inda ido bai cika kaiwa ba shi ne ƙananan gidaje. Mutum ɗaya mai tausayi ya fara da kare biyar a bayan gida, ya buɗe shafin Facebook, hotuna suka jawo kuɗi. Shi ne shugaba, shi ne ma'aji, matarsa da amininsa su ne sauran amintattu, gudummawa kuma tana sauka a asusunsa na kansa. Ko da zuciyarsa fara ce, ba wanda zai ce masa karnuka sun fi ƙarfin wurin, kuma ba rasit ɗin da zai wanke shi ranar da aka zarge shi. Ƙungiyar Association of Dogs and Cats Homes tana da ƙa'idojin da take auna mambobinta da su, sai dai shiga cikinta ganin dama ne. Dokar lasisi ta 2018 a Ingila ta kama masu kiwon karnuka don sayarwa da masu ajiye su a kan kuɗi, ta tsallake gidajen ceto. Sikotilan ce ta toshe wannan kafa a nata yankin a 2021, inda ta wajabta lasisi a kan masu tsugunar da dabbobi da masu nema musu sabon gida.