Niyurosaikoloji: Karatunsa a Jami'a da Amfaninsa ga Majinyata

Sau da yawa iyalai kan dawo asibiti bayan an sallami ɗan'uwansu da ya yi haɗarin babur ko shanyewar ɓarin jiki, su ce: "Likita, jiki ya yi sauƙi, amma fa kamar ba shi ba." Ya zama mai saurin fushi, yana mance abin da aka faɗa masa ɗazu, ko ya kasa lissafin cinikin da ya shekara 20 yana yi. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Alhali a mafi yawan lokuta raunin da ƙwaƙwalwa ta samu ne ya taɓa tunani da hali. Fannin da ke nazarin wannan alaƙa shi ake kira niyurosaikoloji.

Asalin fannin

A shekarar 1848, wani ƙarfe ya huda gaban kan wani ma'aikacin layin dogo a Amurka mai suna Phineas Gage. Ya rayu, amma halinsa ya sauya. A 1861 kuma, wani likitan Faransa, Paul Broca, ya nuna cewa rauni a gaban ƙwaƙwalwa ta gefen hagu yana hana mutum furta magana ko da yana fahimtar abin da ake faɗa masa. Daga baya Alexander Luria na Tarayyar Sobiyet ya faɗaɗa fannin ta hanyar kula da sojojin da suka ji rauni a ka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Mene ne aikin masanin?

Ba ya yin tiyata, kuma rubuta magani ba aikinsa ba ne. Wannan na likitan jijiyoyi ne da likitan taɓin hankali. Hoton CT ko MRI yana nuna inda raunin yake. Shi kuwa masanin yana auna abin da raunin ya rage wa mutum da abin da ya bar masa. Yakan zauna da majinyaci na wasu sa'o'i, ya ba shi kalmomi ya riƙe, ya sa shi zana agogo ko ƙirge da baya, ya kuma saurari iyalinsa. Da sakamakon ne ake amsa tambayoyi masu nauyi: zai iya komawa tuƙi? Zai iya riƙe dukiyarsa? Mantuwar Baba ta tsufa ce kawai, ko ciwon damuwa, ko cutar ruɗewa?

Masu farfaɗiya, yaran da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, da masu sikila da suka samu shanyewar jiki, duk suna cikin masu amfana.

Yadda ake karatun

Matakin farko shi ne digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, wanda kan ɗauki shekara 4 a Najeriya. Jami'o'in Jos, Ibadan da Nsukka suna cikin masu koyar da shi. Ɗalibi ya duba ƙasidar JAMB domin darussan da kowace jami'a ke nema, ya kuma dage da ilimin halittu, lissafi da Turanci, don ƙididdiga ba ta rabuwa da wannan karatu.

Mataki na biyu shi ne digiri na biyu a ɓangaren saikolojin asibiti, tare da horo a kan majinyata ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Bayan nan ne ake keɓantuwa ga ƙwaƙwalwa, galibi a matakin digirin dakta. A Amurka, bayan digirin dakta ana ƙara horon shekara 2. A Ingila galibi mutum kan gama digirin dakta na shekara 3 a saikolojin asibiti kafin ya nemi wannan ƙwarewa. Iyaye su sani cewa hanyar doguwa ce, kuma digirin farko kaɗai bai isa mutum ya riƙa duba majinyata da kansa ba.

Ina ake aiki?

Ana aiki a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Akwai sashen farfaɗo da majinyata, kafaɗa da kafaɗa da masu gashin ƙashi da masu koyar da magana. Akwai makarantu, domin gano abin da ya hana yaro fahimtar karatu. Kotu ma kan nemi rahoton masani idan ana shari'ar diyya ko ana shakkar hankalin wani. Sai kuma koyarwa da bincike a jami'a.

Akwai babban giɓi da ke jiran 'ya'yanmu. Yawancin gwaje-gwajen an tsara su ne da Turanci domin waɗanda suka yi boko. Dattijon da ya haddace Alƙur'ani yake rubutu da ajami zai iya faɗuwa gwajin zana agogo, ba don ƙwaƙwalwarsa ta samu matsala ba, sai don bai saba da irin wannan aiki ba. Masanin da ya san Hausa da al'ada ne zai iya bambancewa.

Shawara ga iyali

Idan hali ko tunanin majinyacinku ya sauya bayan buguwa a kai ko wata jinya, ku rubuta abin da kuka lura da shi da lokacin da ya fara, ku kai wa likitansa, ku tambaya ko akwai inda za a auna shi. Kada ku ɗauka ganganci yake yi. Amma idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, wannan ba na jira ba ne: a garzaya asibiti nan take.