3.3 Hanyar Gano Asali da Masu Yin Kayan Ƙwallon 'Ya'yan Itatuwa

Abin da ake nufi da kayan ƙwallon 'ya'yan itatuwa shi ne duk wani abin ado ko na ibada da aka samar ta hanyar feƙe ƙwallo ko ɓawonsa, a huda shi, sannan a shirya shi a zare. Jigida da carbi da abin wuya suna cikin wannan rukuni. Babbar matsalar da ke fuskantar mai nazarin waɗannan kaya ita ce, maƙerinsu ba ya barin suna a jikinsu. Saboda haka sau da yawa akan jingina abu ga garin da aka saye shi. Jigidar da aka saya a Kasuwar Kurmi sai a kira ta jigidar Kano, alhali mai yiwuwa fatake ne suka kawo ta daga wata ƙasa.

Hujja ta farko da ta kamata a duba ita ce ƙwallon kansa, domin kowace bishiya tana da yankin da take tsirowa. Goruba da aduwa bishiyoyin busasshiyar ƙasa ne, ana samun su a arewacin ƙasar Hausa da Jamhuriyar Nijar. Ita kuwa kwakwar manja, wadda ake yin baƙar jigida ta gargajiya da ɓawon ƙwallonta, ta fi yawa a kurmin kudu. Wannan ya nuna cewa akwai hannun ciniki a tarihin jigida. Sai dai ba kowane ƙwallo ne ke iya zama shaida ba. Idon zakara, wato jan ƙwallon nan mai ɗigon baƙi, yana tsirowa a Afirka da Indiya da sauran ƙasashe masu zafi, don haka shi kaɗai ba zai nuna inda abu ya fito ba.

Wajen tantance sunayen itatuwa, akwai ayyuka biyu masu amfani. Na farko shi ne littafin sunayen tsirrai na Hausa wanda J. M. Dalziel ya wallafa a 1916. Na biyu shi ne ƙamusun G. P. Bargery na 1934, wanda ya adana kalmomin sana'o'i da dama kamar yadda ake faɗinsu a wancan zamani.

Hujja ta biyu ita ce aikin hannu. Hudar da aka yi da basilla ko ƙarfe mai zafi ba ta zuwa daidai wa daida, ta inji kuwa girmanta ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Haka nan zare yana taimakawa wajen ƙiyasta shekaru. An ƙago zaren nailan a Amurka a 1935, ke nan abin da aka shirya a kansa bai girmi wannan shekara ba, sai fa idan tsohon zare ne ya tsinke aka sake wani.

Hujja ta uku ita ce bakin mutane. A nan akan bi kaya a koma da baya, daga mai tebur zuwa dillali, daga dillali zuwa wanda ya kawo, har a isa gidan da aka yi aikin. Ya zama wajibi a bambance mai tsintar ƙwallo da mai hudawa da mai shiryawa, domin ba lalle ne mutum ɗaya ya yi duka ba.

A taƙaice, ba a yanke hukunci a kan asalin abu sai hujjojin nan uku sun dace da juna. Yin haka da wuri yana da muhimmanci, ganin cewa kayan roba da na gilashi sun mamaye kasuwa, kuma duk tsohon da ya rasu ba a tattauna da shi ba, ya tafi da sunayen waɗanda suka koya masa.